Peugeot 504 ɗin Baba: a sayar ko a gyara?

Malam, kana tambaya ko ka sayar da 504 ɗin da mahaifinku ya bari a Gombe, ko ka tayar da ita. Ka gyara ta. 'Yan gwangwan kuɗin ƙarfe kawai za su ba ka.

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta cika ƙasar nan, shi ya sa tsofaffin kanikawa suka san ta kamar yunwar cikinsu. Ba ruwanta da kwamfuta, da kunne ma suke gane ciwonta. Tawa ta sha hanyar Dukku da buhunan gero a but. Amma kafin ka kashe ko sisi, ɗaga shimfiɗar ƙasan ka duba. In tsatsa ta ci gindin bodin har kana hango ƙasa, kuɗin walda zai fi na inji, sai ka haƙura.