Karayar Ƙugu: Tambayoyinku Kan Allurar Kashe Zafi ta Matsematsi

Tambaya daga Zariya: Mahaifiyata mai shekara 78 ta zame a banɗaki, hoto ya nuna ƙashin ƙugunta ya karye. An ce nas ce za ta yi mata allurar kashe zafi a matsematsi, ba likita ba. In yarda?

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Ki yarda, muddin an horar da nas ɗin a kan wannan allura takamaimai. A Ingila, ƙungiyar likitocin sa barci ta amince tun 2013 cewa ma'aikatan da ba likitoci ba su riƙa yin ta idan sun samu horo. Dalili kuwa, ba a cikin jijiya ake soka ta ba, kuma nesa take da babbar jijiyar jini ta cinya. Ana auna layi daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa ƙashin mara, a raba uku, a soka santimita 1 ƙasa da inda kason waje ya ƙare. Sai a zuba maganin kashe zafi na bupivacaine mai ƙarfin kashi 0.25 cikin ɗari, mililita 30 zuwa 40, a ƙarƙashin tantanin naman, ya malala ya kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Cikin minti 15 zuwa 30 sauƙi ke zuwa, ya ɗauki awanni da dama, har a iya juya ta ba kuka. Ki faɗa musu nauyinta, don ba a wuce miligiram 2 kan kowane kilo. In tana shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko akwai gyambo a wurin, ki faɗa kafin a taɓa ta.

Tambaya daga Gusau: Ba zan iya sayo maganin ba, mai kemis ɗin unguwarmu ya yi wa Baba a gida? Zai fi sauƙin kuɗi.

A'a, malam, kada ka kuskura. Idan maganin nan ya kuɓuce cikin jini, leɓe ke fara dindiris, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya yi ƙara, sai jijjiga, sai zuciya ta tsaya. Makarinsa ruwan mai ne na Intralipid mai kashi 20, wanda ake ɗurawa ta jijiya nan take. Mai kemis ɗinku yana da shi? Yana da iskar oksijin?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke cika tsofaffi da magani kafin a kai asibiti. A ba su diclofenac, a ƙara tramadol, a kira wani ya yi pentazocine, wasu ma daga hannun mai talla a kwando, ba lambar NAFDAC, sun sha rana sun sha ƙura. Diclofenac na cin ƙodar tsoho, yana sa ciki zubar jini. Su tramadol kuwa suna danne numfashi, zafin karayar ne kawai ke riƙe mutum a farke. Da allurar matsematsi ta ɗauke zafin, sai ya yi lamo, 'yan'uwa su ce ya samu barci, alhali numfashi ne ke tafiya. A 2018 ƙungiyar likitocin gaggawa ta Ingila ta fitar da gargaɗi kan wannan bayan an rasa rai. Shi ya sa ake duba numfashi da bugun zuciya a minti 5, 10, 15 da 30 bayan allurar. Ku tattara kwalayen duk abin da aka ba shi ku miƙa wa nas, har da lokacin da ya sha.

Tambaya daga Kano: Zafin ya tafi bayan allurar. Mu ɗauke majinyacinmu mu kai wa mai ɗori?

Zafi ne ya tafi, karaya na nan. Wannan ƙashi yana can cikin nama inda kara da tsumma ba sa riƙewa, kuma dogon kwanciya ke jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Ƙa'idar Ingila ta 2011 ta ce a yi tiyata ranar da aka kwantar ko washegari. Ga Asibitin Ƙashi na Dala a kusa da ku. Kada kuma ku bar shi ya taka ƙafar, domin allurar na kashe ƙarfin cinya, zai iya sake faɗuwa.