Tambaya da Amsa: Na Daɗe Ina Roƙon Haihuwa, Har Yanzu Shiru

TAMBAYA: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni matar aure ce a Garwa, a ƙasar Kamaru. Shekara 6 ke nan da aurenmu, Allah bai ba mu haihuwa ba. Na yi azumi, na kwana addu'a a coci, zumuntar mata ma sun taya ni. Yanzu dangin miji sun fara habaici, wata kuma ta ce in kai kuɗi wurin wani mai annabci ya ba ni man shafawa. Na soma gajiya. Yaya zan jira Allah ba tare da zuciyata ta karaya ba? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Ki fara cire wa ranki cewa jinkirin nan horo ne. Luka 1:6-7 ya shaida Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, amma har suka tsufa ba su da ɗa. Sai dai ba za mu yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi (2 Korintiyawa 12:8-9). Mai jiran Allah yana bar masa lokaci, yana kuma bar masa irin amsar.

Gajiyarki muna ganin daga tsarin addu'ar ta fito. Kwanan coci da dogon azumi suna cinye ƙarfi, a hankali kuma zuciya ta fara lissafi kamar mai bin Allah bashi. In wata ya ƙare ba labari, sai fushi ya shigo. Gara kaɗan kullum. Ki ware minti 15 da asuba kafin ki hura wuta. Ki karanta Zabura 13 da murya, aya 6 ce kawai, ki bi tsarinta. Dawuda ya tambayi Allah har yaushe sau huɗu a ayoyi biyu na farko, sannan ya kawo roƙonsa, ya ƙare da dogara da yabo. Ke ma ki faɗi baƙin cikinki ba ɓoye-ɓoye, har da maganganun da aka yaɓa miki. Ki roƙi ɗa a fili, kamar yadda Hannatu ta yi. Ki gode don abu biyu ko uku na jiya, ki ambace su ɗaya-ɗaya. Daga nan ki yi shiru na ɗan lokaci, ki rufe da addu'ar Yesu a Getsamani, cewa nufin Uba za a yi. Kada ki tsallake kukan don kunya. Wanda ya haɗiye shi, yawanci ba ya daɗewa yake daina addu'ar gaba ɗaya.

Azumi kuwa, yini ɗaya a mako ya isa. A Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, don haka ki sha ruwa.

Ba ki ambaci maigida ba, wannan ya dame mu. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, tagwayensu suka zo yana da 60, kuma Farawa 25:21 ta ce shi ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa. Ku durƙusa tare ko sau biyu a mako. Amsa wa danginsa ma aikinsa ne, ba naki ba.

Jira ba naɗe hannu ba ne. Yakubu 5:7 ya ba da misalin manomi. Mai noman masakwa, wato dawar rani, a Marwa yana jiran girbi har Janairu ko Fabrairu, amma in bai yi dashe ba da janyewar ruwa, haƙurinsa ba zai cika rumbu ba. Likitoci suna cewa in ma'aurata sun yi wata 12 ba ciki a je a duba, in mace ta haura shekara 35 kuwa, wata 6. Ku je asibiti ku biyu. Sau da yawa matsalar tana wajen namiji, gwajin maniyyi kuma ba shi da wuya. A wajen mace, ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba yana iya toshe hanyar ƙwai.

Mai annabcin nan, kada ki je. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Duk wanda ya yanka miki farashi ko ya sa miki ranar ɗaukar ciki, ki guje shi, domin in ranar ta wuce zai ce bangaskiyarki ce ta gaza, ki koma gida da nauyi biyu. In shafa mai kike so, Yakubu 5:14 ya ba dattawan ikkilisiya wannan aiki, ba a kuma biyan ko sisi. Ki sami matar fastonku a wannan makon, ki gaya mata har da zancen dangin miji, ta shirya muku zama da dattawan ke da maigida.