Davy Crockett mutum ne na gaske, amma an ƙara gishiri

Malama, kin tambaya ko Davy Crockett da ɗanki yake karantawa ya taɓa rayuwa, kuma ko da gaske ya kashe beyar yana ɗan shekara uku. Ya rayu kam, zancen beyar ɗin ne ƙarin gishiri.

An haife shi a 1786 a yankin da ya zama jihar Tennessee ta Amurka. Maharbi ne na gaske, daga baya ya shiga siyasa har majalisar wakilai. A 1830 ya ƙi goyon bayan dokar korar 'yan asalin ƙasar daga filayensu, kuma ya faɗi zaɓen da ya biyo baya. Ni da wannan zan fara wa yaro, don littattafan yara kan tsallake shi. Ya mutu a 1836 a yaƙin da aka yi da sojojin Meziko a Alamo, wani sansani a Texas.