Toka a bututun murhun ɗumama gida

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa muke wahalar goge bututun murhun nan mai cin dunƙulen garin katako, alhali ba ya hayaƙi kamar na itace. Hayaƙin dai kaɗan ne, gaskiyarka. Tokar fa?

Bututun murhun itace zafi ne ke jan hayaƙinsa sama. Wannan kuwa fanka ce ke tunkuɗa hayaƙin waje da ƙarfi, ta cikin bututu mai faɗin inci 3 ko 4. Toka mai laushi kamar gari tana bin iskar, duk inda bututun ya kwanta ko ya yi gwiwa sai ta zauna. Da hanya ta ƙuntata, wutar za ta yi lis, ta koma ja-ja, gilashin ƙofa ya yi baƙi. In abin ya yi yawa, makunnin da ke auna ƙarfin iska ya tsayar da abin da ke zuba dunƙulen, murhu ya mutu. Mai gida ya kira ka yana cewa inji ya lalace. Kafin ka kwance komai, buɗe murfin da ke ƙasan mahaɗar bututun, galibi can matsalar take.

A nan arewacin Amurka buhu 50 na dunƙulen ne tan ɗaya, kowanne mai nauyin fam 40. Ni duk bayan an ƙona tan ɗaya nake so a goge bututun, ko a ƙalla sau ɗaya a shekara. Dunƙule mai kyau tokarsa ba ta wuce kashi 1 cikin 100, amma masu sayen na araha sai ka riƙa leƙa su.

Ka bari murhu ya huce sarai, ka zare shi daga soket. Burushin roba za ka sa, mai sanda mai lanƙwasuwa. Na ƙarfe yana karce cikin bututun, tsatsa ta samu wurin kamawa. Tokar kuma a bokitin ƙarfe mai murfi, don garwashi yakan ɓuya a ciki. In ka cire fankar za ka share, ka tanadi sabon gaskit, wato abin da ke toshe tsakaninta da jikin murhu, tsohon yakan yage.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne wajen mayarwa. Tunda turo iskar ake yi, duk mahaɗar da ba ta kamu ba cikin ɗaki za ta busa, kuma kabon monoksaid, iskar gubar da ke cikin hayaƙin, ba shi da wari. Ka toshe mahaɗun cikin gida da silikon mai jure zafi, ka kunna murhu, ka bi su da tocila kana neman alamar baƙi. Gidan da ba na'urar gano wannan iskar, ka gaya wa mai shi ya saya.

Kuma kada ka bar sharar ƙarshen hunturu sai sanyi ya dawo. Toka tana shan danshi duk bazara ta ci ƙarfe, tsuntsaye kuma su yi sheƙa a bakin bututun na waje.