Me ya sa ake ta yabon fim ɗin Citizen Kane?

Tambaya: Malam, yawan yabon da nake ji ne ya sa na zauna na kalli Citizen Kane, amma har ya ƙare ban ga abin mamaki ba. Tsohon attajiri mai jaridu ya mutu, shi ke nan. Me ya wuce ni? Kuma wai da gaske akwai mutumin da aka yi fim ɗin a kansa?

Amsa: Bari in fara da ta biyun, don ita ce mai sauƙi. Akwai shi. Sunansa William Randolph Hearst, mai jaridar New York Journal da wasu da dama a Amurka. Kamar Kane na cikin fim, shi ma ya nemi kujerar gwamnan New York a 1906 ya faɗi, ya kuma gina katafaren gida a San Simeon ya cika shi da kayan tarihi na Turai. Herman Mankiewicz, wanda suka rubuta labarin tare da Orson Welles, daraktan fim ɗin da kuma ya fito a matsayin Kane, ya sha cin abinci a wannan gida, don haka ya san sirrin ciki. Hearst ya fusata ƙwarai, musamman kan yadda aka nuna matar Kane ta biyu a matsayin mawaƙiya mara baiwa, abin da mutane suka ɗauka habaici ne ga masoyiyarsa Marion Davies. Ni kaina ina ganin an zalunci Davies a nan, domin 'yar wasa ce mai hazaƙa. Hearst ya hana jaridunsa tallata fim ɗin, gidajen sinima da yawa suka ji tsoro, kamfanin RKO da ya shirya fim ɗin ya yi asara da aka sake shi a 1941.

To, abin da ya wuce ka shi ne, ka kalli fim ɗin da idon wanda ya riga ya ga dubban finafinan da suka kwaikwaye shi. Welles yana ɗan shekara 25 ya fara labari daga mutuwar jarumi, sannan ya bar mutane daban-daban su ba da tarihinsa, kowa da irin Kane ɗin da ya sani, har ka rasa na wa za ka gaskata. A wancan zamani wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Sai aikin mai kyamara, Gregg Toland. Ka koma wurin da uwar Kane take sa hannu a takardar miƙa ɗanta ga ma'aikacin banki. Ita tana gaba, uban yana tsakiya yana gunaguni, yaron kuma can waje ta taga yana wasa cikin dusar ƙanƙara, dukansu sun fito tar a hoto guda ba tare da an yanka ba. Ana sayar da ƙuruciyarsa yana can bai sani ba. Ko ka duba teburin karin kumallo, inda cikin kusan minti biyu aka nuna yadda aurensa na fari ya mutu: hira tana raguwa, tazara tana ƙaruwa, har matar ta koma karanta jaridar abokan hamayyarsa.

Kalmar Rosebud da Kane ya furta kafin ya cika, ɗan jaridar da ke binciken rayuwarsa a cikin fim ɗin bai taɓa gano ma'anarta ba. Mai kallo kaɗai aka nuna wa, rubuce a jikin katakon zamiyar yarintarsa yana ƙonewa cikin wuta.

An zaɓi fim ɗin a rukuni 9 na kyautar Oscar, ɗaya tak ya ci, ta rubutun labari. Sai daga 1962 masu sharhi a zaɓen mujallar Sight and Sound suka ɗora shi a kan gaba a jerin finafinan da suka fi kyau a duniya, ya zauna nan har 2012.