Ga ƙanina da aka kira jarabawar ɗaukar matuƙa jirgi

Wallahi ƙanina, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka gama makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, lasin yana hannu, sa'o'in tashinka ba su wuce 200 da 'yan kai ba, ka daɗe zaune a gida, yanzu wani ƙaramin kamfani ya kira ka jarabawa da intabiyu. Kana tambayar me za ka karanta, kuma ko ka biya kuɗin retin, wato horo da shaidar tuƙa wani samfurin jirgi, da aljihunka. Allah Ya sa a dace.

Takarda ba ita ce za ta kayar da kai ba, hannu ne. Wanda ya shekara bai tashi jirgi ba, idonsa ya mutu a kan agoguna. Ko bashi za ka ci, ka nemi awa ɗaya ko biyu a simileta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, kafin ranar, ka yi ta saukar ILS, wato sauka da jagorancin na'urar filin jirgi, da hannu ba tare da otofailot ba, ka maimaita fasa sauka har ya zauna maka.

Ni da aka saka ni a simileta, jirgin da na sani Tampico ne da Baron, ƙananan jiragen da ake koyo da su, aka ɗora ni kan jet ɗin da ban taɓa zama a cikinsa ba. Wannan ba laifi ba ne, haka ake yi ko'ina. Amma ƙa'ida ita ce a ba ka bayani tukuna, a faɗa maka gudun da za ka riƙe da ƙarfin injin da za ka sa. Kyaftin ɗin da ke bayanmu bai ce mana uffan ba, waya yake dannawa. Muna wuce V1, wato gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi, ya kashe mini inji ɗaya. Ina ta kokawa da ƙafa don hancin jirgi ya tsaya kan layi, sai na ji ya yi dariya, ya tambayi abokinsa wai wane ne yake ba irinmu lasin. A gabana, ina ji, hannuna a kan sitiyari. Na miƙe da jirgin, na zagayo, na sauke shi, gumi ya jiƙe mini riga sharkaf. Ko kallona bai yi ba. Mahaifina gona ya sayar ya cika mini kuɗin makaranta, kuma a daren nan ya kira ni yana tambayar yaya aka yi, na rasa abin da zan ce masa. Ba su kira ba, ba su aiko da wasiƙa ba, na yi ta bin ofishinsu har mai gadi ya san ni. Daga baya wani na ciki ya gaya mini tun kafin a kira mu an riga an raba guraben. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake. Na yafe rashin aikin, Allah Ya ba ni a wani wuri, amma wulaƙancin ban yafe ba.

To, jarabawar rubutu. Yanayi, aikin inji, dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da lissafin da ake yi da ka. Daga ƙafa 30,000 za ka fara gangarowa wajen mil 90 na teku kafin fili. Kana gudun not 140 (mil na teku a awa) a gangaren digiri 3, ka ninka da 5, ƙafa 700 ke nan a minti. Irin waɗannan su fito maka ba tare da biro ba. Za su iya miƙo maka METAR, wato rahoton yanayin filin jirgi, su ce karanta. Kuma ka shirya maganar hazo, don duk wanda zai yi jigilar Kano, Sakkwato da Maiduguri a Disamba da Janairu sai ya san ƙa'idar nisan gani da man zuwa filin madadi. Ka san jirgin da suke da shi. ERJ145 mai kujera 50 daban, CRJ900 daban, ATR mai farfela daban. Abin kunya ne a tambaye ka injin jirginsu ka yi shiru.

Tambayar da ta fi kayar da 'yan'uwanmu ita ce ta kyaftin: kun gangaro har iyakar da ba a wucewa sai an ga titin sauka, ba ku ga titin ba, shi kuma ya ci gaba, me za ka yi? Mu da aka rena da cewa ba a musu da babba, sai bakinmu ya yi nauyi. Su kuwa so suke su ji ka ce za ka yi magana da murya a fili, ka maimaita, in bai amsa ba ka karɓi jirgi ka tashi sama. Hatsarin Tenerife na 1977, inda jirage 747 biyu suka yi karo a kan titi mutum 583 suka mutu, da shi ake koyar da wannan darasi har gobe. Ka faɗi amsarka da ladabi, amma kada ka sassauta ta don ganin furfura. Abin da ba ka sani ba kuma ka ce ba ka sani ba, sun fi kowa gane kame-kame.

Maganar retin, kada ka fitar da dala ɗaya sai da takardar ɗaukar aiki a hannu. Na san waɗanda suka tafi waje suka yi na 737, suka dawo ba kujera, ya mutu a aljihunsu, sabuntawa kuma wani kuɗin ne. In kamfani ne zai biya ya ɗaure ka da yarjejeniya, ka kai wa lauya ya karanta: shekara nawa, nawa za ka biya in ka tafi, kuma me zai faru in su ne suka daina biyan albashi ko suka ajiye jirage. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu zai shigar da sunanka, ɓarawo ne, ko da ɗan garinku ne.

Masu cewa ka tafi Amurka, can tun 2013 sai da sa'o'i 1,500 ake zama kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, a kamfanin fasinja, sai 'yan rangwame ga wasu. Mu nan da CPL, lasin tuƙin jirgin kasuwanci, ake ɗauka, gurbin ne babu.

Ka duba takardar likitanka tun yau, kada ta ƙare a makon jarabawa. Ka sake tara sa'o'in littafin tashinka shafi bayan shafi, don suna bi da kalkuleta. Ina da tambayoyin da na rubuta lokacin da nake shiri, ka yi mini magana ta akwati in turo maka. Ka gaishe da su Baba.