Ba duk ciyawar da ba mu shuka ba ce abokiyar gaba

Jiya da yamma muna wanke kayan aiki ka ce da ni, "Maigida, filin nan da muka shuka wa tsuntsaye wata biyu da suka wuce ciyawa ta cinye shi, ban ga ko ɗaya cikin abin da muka zuba ba. Ko mu yi masa feshi gaba ɗaya mu sake?" Na ce ka bari sai na zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce. To ga ta, ɗana, ka karanta a natse.

Kada ka taɓa famfon feshin nan. Filin bai lalace ba. Gobe ka koma, ka durƙusa, ka buɗa ciyawar da hannu biyu ka dubi ƙasa. Za ka ga 'yan siraran tsirrai, wasu tsawon yatsa, wasu sun kai taƙi. Su ne namu. Ciyawar asalin yanki mai daɗewa kamar wadda muka shuka, irin wadda ke yin gindi ta zauna shekara da shekaru, a daminarta ta fari ƙarƙashin ƙasa take aikinta. Saiwa take turawa, kuma akwai irin da idan ta girma saiwarta kan nutsa mita 2 ko fiye. Su kuwa harkiya da karangiya da tafasa, 'yan damina ɗaya ne. Dole su yi tsawo, su yi 'ya'ya, su mutu cikin 'yan watanni, shi ya sa suke riga kowa fitowa. A shekarar fari su ne ido ke gani. A shekara ta uku, idan ba mu ɓata aikin da hannunmu ba, za ka nemi yawancinsu ka rasa.

Na san daga inda idonka ya taso. Gona ka saba da ita, inda kunya mai tsabta ita ce shaidar manomi, duk abin da ba shuka ba a kafta masa fartanya. A nan sai ka canza ido, don mai filin na gaskiya ɗan tsako ne da bai fi ƙwai girma ba. Ka ɗauki 'yan tsakin fakara ko na zabon daji. Daga ƙyanƙyasa suke bin uwarsu da ƙafa, kuma a makonnin farko ƙwari ne abincinsu, su tsutsa da ƙananan fara, don da su suke gina jiki da gashi. Ƙwarin nan sun fi taruwa a kan tsirrai masu faɗin ganye da masu fure, waɗanda kai kake kira ciyawar banza. Ɗan tsakon kuma yana bukatar ƙasa a buɗe tsakanin gindi da gindi inda zai yi tafiya, da rufin ganye a bisansa don shaho kada ya hango shi. Idan ciyawa ta yi shimfiɗa kamar tabarma, ba ya iya ratsawa, raɓa ta jiƙa shi, sanyi ya kashe shi. Idan rani ya yi kuma, 'ya'yan waɗannan tsirran da suka zube su ne hatsin manyan tsuntsaye. Fili mai ciyawa iri ɗaya tal, kore shar, yana da daɗin kallo daga bakin hanya, amma ka shiga ciki ka saurara, shiru za ka ji.

Saboda haka 'yan damina ɗayan nan laifinsu guda ne, inuwa. Idan suka rufe namu ƙanana suka hana su rana, sai su shaƙe su. Maganin wannan yanka ne, kuma yankan sama. Da zarar ciyawar ta kai gwiwa, ka ɗaga wuƙar injin ta tsaya kamar santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, ka bi filin. Wuƙar za ta sare kan masu tsawo ta wuce ta saman namu. Sau biyu ko uku za ka yi haka a daminar nan, kowane lokaci kafin su ɗaura 'ya'ya. Abin da nake tsoro shi ne ka yi jinkiri har ta kai ƙirji. Idan ka yanka a lokacin, tarin da zai zube ya fi inuwar illa, don danne tsirran zai yi su ruɓe a ƙarƙashinsa. In har hakan ta faru, a kwashe yankakkiyar ciyawar a fitar da ita. Kuma bana ban yarda da cira da hannu ba: duk gindin da ka tumɓuke yana tahowa da namu biyu ko uku, ya kuma tono irin da ke kwance cikin ƙasa ya ba shi haske. Baɗi ka ɗaga wuƙar zuwa santimita 30, sau ɗaya ko biyu ya isa. Daga shekara ta uku an daina bin filin duka da yanka.

Taki kuwa ko na zamani ko na gargajiya, kada ya shigo. Namu sun saba da ƙasa mai ƙarancin abinci, sun iya haƙuri da ita. Ka zuba taki, masu saurin girma ne za su riga su cinyewa.

Waɗanda nake so ka koyi ganewa tun daga nesa su ne masu tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, irin su tofa da kiri-kiri. Waɗannan ba sa mutuwa da ƙarewar damina, kuma yanka ba ya yi musu komai sai ƙara musu fili. Tofa tana da saiwa mai kaifin baki da ke ratsa ƙasa tana fitar da sabon tsiro, har ta mamaye wuri babu abin da ke rayuwa tare da ita. Ka kai mata garma, ka daddatsa saiwar, kowane guntu ya zama sabon gindi. Ka sa mata wuta, ita ce farkon farfaɗowa, ta yi fure, iska ta kwashi irin. A kudancin Amurka ta shigo wajen 1912, ta yankin Mobile a jihar Alabama, cikin ciyawar da aka cusa wa kaya daga Japan, kuma har yau ana fama da ita a dazuzzukan can. Irin wannan ce ta cancanci magani, kuma tun tana faɗin tabarma ɗaya.

Ka lura kuma, sunan ciyawa ba ya gaya maka matsayinta, sai ka san ƙasar da take tsaye a kai. Gamba a dajin Afirka 'yar gida ce, tana yin gindi-gindi, tsuntsu na fakewa cikinta. An kai ta arewacin Ostireliya a shekarun 1930 don kiwon shanu, ta tsere daga makiyaya, tana kai mita 4, wutar da take ci tana kashe manyan itatuwan da wutar ciyawarsu ta asali ba ta kashewa. A 2012 suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa nake takura maka kan buhun iri: ka san abin da ke ciki da inda aka tattaro shi kafin ka zuba.

Batun magani, ina so ka riƙe abu ɗaya: kowanne yana da wanda yake ci, kuma bai san wane ne namu ba. Gilaifoset duk kore yake kashewa. 2,4-D masu faɗin ganye yake bi ya bar ciyawa, wato daidai masu furen da muka sayi irinsu da tsada. Kiletodim akasin haka ne, ciyawa yake ci ya bar masu faɗin ganye. Akwai kuma imazafik, wanda wasu ciyayin asali ke jurewa, wasu kuwa yana daƙushe su, don haka sai an karanta takardar jikin kwalba an ga sunan abin da aka shuka. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren ina ƙuruciya. Na ga tafasa ta yi yawa a wani fili, na bi shi tas da maganin masu faɗin ganye. Tafasar ta mutu, masu furen ma suka bi ta, kuma shekaru muka yi muna sake zuba iri kafin filin ya dawo da ƙwarinsa. Har yau abin yana damuna. Tun daga nan feshina na ɗigo ne: famfo a baya, bakin feshi kusa da ƙasa, gindi ɗaya bayan ɗaya, da safe lokacin da babu iska, da safar hannu da takunkumi. Inda muguwar ta fi namu tsawo, ka jiƙa soso da magani ka shafa mata a ganye kawai. Masu saiwar nan sun fi jin magani can ƙarshen damina, lokacin da suke mayar da abinci ƙasa, sai ya bi ya kai ga saiwar. Kada ka zaci sau ɗaya ya wadatar. Ka kafa turke a wurin, ka riƙa dawowa kowace shekara har ka daina ganin tsiro.

Ƙananan itatuwa da ƙaya su ma suna zuwa a hankali, tsuntsaye ne ke kawo irinsu. Kurmi ɗaya nan, ɗaya can, mafaka ce, a bar shi. Idan suka fara haɗa kai, fili ya kama hanyar zama daji. Ka sare, ka shafa magani a kan kututturen nan take kafin ya bushe, in ba haka ba tofo goma zai fito inda ka sare ɗaya.

Wuta ita ce babban kayan aikinmu, amma sai shekara ta uku, lokacin da namu suka yi saiwar da za su tashi daga toka kuma busasshiyar ciyawa ta taru. Tana cinye tsohon tarin da ya toshe hanyar 'yan tsaki, ta ƙone ƙananan itatuwa, ta buɗe ƙasa. Ba a ƙona fili duka a shekara ɗaya. Muna raba shi uku, bana kashi ɗaya, baɗi na biyu, haka ake zagayawa, don kullum a samu inda za a yi sheƙa da inda za a fake, ƙwarin da ke kwance cikin karan da bai ƙone ba su sake cika wanda ya ƙone. A share layi kewaye da wurin, a duba iska, a tanadi ruwa da mutane, a nemi izini inda doka ta ce a nema. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba za ka riƙe ashana ba sai ka tsaya kusa da ni sau da yawa. Lokacin kwanci da ƙyanƙyasa kuwa, ba wuta, ba injin yanka. Uwar da ke kan ƙwai ba ta cika tashi ba sai wuƙa ta iso kanta. A Amurka, filayen da ke ƙarƙashin shirin hutar da gonaki daga noma da dokar noma ta 1985 ta kafa, an taƙaita taɓa su a watannin sheƙa saboda wannan dalili. Idan muguwar ciyawa ta matsa a irin wannan lokaci, da ƙafa ake shiga, a yi aikin a inda take kawai.

Gobe kafin ka fita da injin, ka kifa shi ka kankare ƙarƙashinsa da tayoyinsa, don makon jiya a filin da ke da kiri-kiri ya yi aiki. Ka sa wuƙar a santimita 20, ka fara daga tsakiyar fili kana fitowa waje don abin da ke ciki ya samu hanyar gudu. Akwai wani gungu a kusurwar gabas da nake zargin tofa ce. Kada ka bi ta kansa da injin. Ka kewaye shi, ka kafa turke, ka tsinko mini ganye ɗaya haɗe da saiwarsa mu duba tare.